Ruwan da Yake Zuwa Bayan Damina

Birnin Njamena, babban birnin ƙasar Cadi, yana zaune ne daidai inda koguna biyu suka haɗu, wato Shari da Logon. Wanda ya tsaya a bakin gaɓa yana hangen garin Kusiri na ƙasar Kamaru a ƙetare, daga Kusiri kuwa hanya ta miƙe zuwa Gamboru da Dikwa da Maiduguri. Hausawa sun daɗe da sanin wannan hanya. Ita alhazan dā suka bi da ƙafa da jakuna zuwa Makka ta Abeshe da Sudan, waɗansu suka yada zango a bakin Shari domin su nemi guzuri, zangon ya zama gida har ga jikokinsu. Fatake da masunta da mahauta da masu ɗinki sun bi sawunsu. Saboda haka sa'ad da aka ce ruwa ya ci Njamena, akwai gidaje a Kano da Zinder da Jos da suke kasa kunne, gama suna da nasu a can.

Abin da ya kamata mai karatu ya fara riƙewa shi ne, ruwa iri biyu yake cin wannan birni, kowanne da lokacinsa. Na fari ruwan sama ne. Daminar Njamena gajeriya ce, daga Yuni zuwa Satumba, abin da ake samu a shekara kuma bai cika wuce milimita 600 ba, bai ma kai na Kano ba. Amma yawancinsa a Yuli da Agusta yake zuba, ƙasar kuwa shimfiɗe take kamar faifai, ga ta laka mai riƙe ruwa. Bakin kogin ma ya ɗan fi cikin gari tudu, domin shekara da shekaru kogin yana ajiye yashi a gaɓarsa. Don haka ruwan marka ba ya gangarawa kogi da kansa. Sai ya kwanta a unguwanni, ya cika kududdufan da mutanen garin suke kira buta da Larabcinsu (kada a ɗauka butar alwala ce), ya yi ta jiƙa gindin katanga har ta zauna.

Na biyu ruwan kogi ne, shi ne kuma mai yaudara. Shari yana tasowa daga ƙasar Afirka ta Tsakiya, ya biyo ta Sar. Logon yana gangarowa daga tuddan Adamawa na Kamaru, ya biyo ta Mundu da Lai da Bongor. A can kudu ruwan sama ya ninka na Njamena sau biyu ko fiye, damina kuma ta fi tsawo. Ruwan nan yana da tafiyar ɗaruruwan kilomita a gabansa, a hanya kuma yakan fantsama cikin manyan fadamu, ya tsaya, ya sake tattaruwa, ya ci gaba a hankali kamar ayarin raƙuma. Ba ya kai ƙarshen cikarsa a Njamena sai wajen ƙarshen Oktoba ko farkon Nuwamba. A lokacin nan an yi makonni ba a ga hadari ba, sama ta washe, ana girbi, iskar hunturu ta fara kaɗawa. Maigida ya duba ɗakinsa ya ga ya tsallake damina lafiya, ya yi hamdala. Kogin kuwa yana hawa ɗan yatsa ɗan yatsa kowace safiya.

Mutanen da suka riga kowa zama a wannan ƙasa sun san halin kogin sarai. Masana tarihi suna kiran na farkon Sao, zuriyarsu kuwa su ne Kotoko, waɗanda har yanzu suna nan a garuruwa kamar Kusiri da Gulfe da Logon Birni, da ƙauyen Gawi da yake gab da Njamena. Garuruwansu a kan tuddai suke. Waɗansu tuddan ma hannu ne ya tada su, gama tsara bayan tsara suna gini a kan kufan iyayensu har wurin ya yi bisa. Wani Bafaranshe mai suna Jean-Paul Lebeuf da matarsa Annie sun yi shekaru suna tonon irin waɗannan tuddai, har da na Mdaga a arewa da birnin, suka tarar da zama a kan zama na ɗaruruwan shekaru. Kotoko sukan kewaye gari da ganuwa mai kauri. In kogi ya cika sai garin ya zama tsibiri, kwalekwale ya zama jakin kowa. Fadama kuwa sun bar wa ruwa da kifi. In ruwan ya janye, manoma su dasa masakwa a cikin laka, irin dawar rani da mutanen Barno suka sani, wadda a Cadi ake ce mata berbere. A wurinsu cikar kogi lokacin arziki ce, shekarar da bai cika ba ita ce ta kuka.

Birnin kansa yaƙi ne ya haife shi. Ran 22 ga Afrilu 1900 rundunonin Faransa suka gamu da Rabe, wanda ya ci Barno ya zauna a Dikwa, aka gwabza a Kusiri. Rabe ya mutu a ranar, shugaban sojan Faransa mai suna Lami shi ma ya mutu. Ran 29 ga Mayu na wannan shekara Emil Janti ya kafa sansani a ƙetaren kogin ya sa masa suna Fort Lami. Soja ne suka zaɓi wurin, abin da yake ransu kuwa tsaro ne da hanyar jirgin ruwa. Duk da haka a kan tudun bakin kogi suka yi barikinsu da ofisoshinsu, tsofaffin unguwanni kuma suka taso kusa da su. Garin ƙarami ne ƙwarai. A 1937 mutanensa ba su cika 10,000 ba. Tudun da yake akwai ya ishi kowa, babu wanda ya ga dalilin kai iyalinsa cikin kwari.

Shekarun 1950 shekarun ruwa ne a dukan ƙasashen bakin hamada. Cadi ta sami mulkin kai ran 11 ga Agusta 1960, shekara guda bayan haka kuwa Shari ya yi cikar da har yau masana suke gwada sauran da ita. A Nuwamba 1961 ruwan da yake wucewa ta gaban Fort Lami ya haura mita kubik 5,000 a kowane sakan. Mita kubik ɗaya lita 1,000 ne, wato duro biyar. Mai karatu ya ƙiyasta duro 25,000 suna wucewa kafin ya ƙifta ido, dare da rana. Ƙasar da take tsakanin kogunan biyu, kudu da gari, ta zama tafki. Amma mutanen da suke can a lokacin kaɗan ne, masunta da makiyaya da manoman da suka san lokacin tashi. Tafkin Cadi, wanda kusan kashi tara cikin goma na ruwan da koguna suke kai masa daga Shari yake zuwa, ya kai faɗin murabba'in kilomita 25,000 a 1963. Cikin wannan yalwa ne shugabannin ƙasashe huɗu, Tombalbay na Cadi da Ahijo na Kamaru da Diori Hamani na Nijar da Abubakar Tafawa Ɓalewa na Nijeriya, suka sa hannu a Fort Lami ran 22 ga Mayu 1964, suka kafa Hukumar Tafkin Cadi. Hedkwatarta tana birnin har yanzu.

Sa'an nan sama ta rufe. Tun daga ƙarshen shekarun 1960 damina ta fara ja da baya, a 1973 kuwa fari ya kai inda dabbobi suka yi ta faɗuwa daga Senegal har Habasha. A wannan shekara ce Tombalbay ya sake wa birnin suna ya zama Njamena, sunan wani ƙauyen Larabawa na kusa, ma'anarsa wurin hutawa. Farin 1984 ya fi na farko muni. Ruwan da Shari ya kawo a shekarar bai kai kashi ɗaya cikin biyar na abin da ya saba kawowa a shekarun yalwa ba, da rani kuma akwai wuraren da yaro yake ƙetare shi da ƙafa. Tafkin ya tsuke ya rabu, abin da ya rage bai kai kashi ɗaya cikin goma ba.

Hutun da sunan ya yi alkawari bai samu ba. A Fabrairu 1979 faɗa ya ɓarke a cikin gari, a 1980 kuma aka yi wata tara ana ɓarin wuta tsakanin mutanen Hissen Habre da na Gukuni Wedeye, har yawancin mazauna birnin suka ƙetare zuwa Kusiri. Babban cocin Katolika na tsakiyar gari ma bai tsira ba. Da ƙura ta lafa bayan 1982 mutane suka komo, waɗanda yunwa ta koro daga ƙauyuka suka biyo su. Birnin da yake da mutum wajen 126,000 a 1968 ya kai 530,000 a ƙidayar 1993, ya kusa miliyan ɗaya a ta 2009.

A nan ne tushen wahalar yake, ya kuwa cancanci a tsaya a kansa. Dukan wannan girma ya faru ne a shekarun da kogin yake barci. Tudu ya cika, fili a cikin gari ya yi tsada, sai ido ya koma kan fadamar da take kudu da Shari, wadda gadar Shaguwa ta haɗa da gari. A 1985 aka buɗe gadar Ngeli a kan Logon, hanyar Kamaru ta ratsa ta wurin, kasuwa ta buɗe. Wanda ya zo neman fili a Waliya a 1986 busasshiyar ƙasa ya gani, mai araha, kusa da titi. In ya tambayi maƙwabcinsa ko ruwa yana zuwa nan, maƙwabcin zai ce shekararsa biyar bai gani ba, gaskiya kuma ya faɗa. Tsofaffin da suka ga 1961 yaƙi ya warwatsa su, waɗanda suka rage kuwa wa zai saurare su a kan ruwan da ya shekara ashirin da biyar bai dawo ba? Haka Waliya da Ngeli da Tukura da sauran unguwannin da yanzu ake kira gunduma ta 9 suka cika, da yawan mazaunansu mutanen kudancin ƙasar ne, suka gina gidaje da majami'u da masallatai da makarantu a tsakanin koguna biyu. Bayan yaƙin Fabrairu 2008 hukuma ta rushe dubban gidaje a cikin gari, waɗanda aka tasa kuma suka ƙara yawan masu neman wuri a gefe. Ba daidai ba ne a ce wa mutanen nan marasa hankali. Talaka yana zama inda aljihunsa ya kai shi. Laifin da ya fi girma yana kan masu rabon fili da masu tsara gari, waɗanda littattafan awon kogin suna ajiye a ofisoshinsu.

Kogin ya yi ta ba da sanarwa. Daminar 1988 ta yi ƙarfi a ko'ina, ita ce shekarar da ruwa ya ci Khartum, madatsar Bagauda kuma ta fashe a Kano. A 2010 aka yi ambaliya a Cadi, cutar amai da gudawa ta biyo baya, a 2011 kaɗai ta kama mutum fiye da 17,000 a ƙasar. A 2012, shekarar da Binuwai da Kwara suka ci Makurɗi da Lakwaja, ruwa ya shiga Waliya, aka kwashe mutane zuwa Tukura. A ƙarshen Oktoba 2020 jinga ta fashe a gunduma ta 9, mutum wajen 11,500 suka bar gidajensu. Kowane karo in ruwa ya janye sai a koma, a sake yin tubali da lakar da ruwan ya bari, a gina ɗaki a inda na dā ya faɗi.

A 2022 ruwan biyu suka zo a shekara ɗaya, kowanne da cikakken ƙarfinsa. A Agusta aka yi ruwan sama irin wanda aka shekara talatin ba a gani ba, unguwannin cikin gari suka kwana cikin ruwa. Mutane ba su gama shanya kayansu ba sai ga kogi. A Oktoba jingogin ƙasa da suke tsare Waliya suka fara ɓallewa ɗaya bayan ɗaya, samari suna cika buhu da yashi dare da rana, ruwa yana ɓullowa ta wani gefen. Ran 19 ga Oktoba shugaban ƙasa Mahamat Idris Debi ya yi jawabi ya kafa dokar ta-ɓaci saboda ambaliya. Ya ce ruwa ya taɓa mutum fiye da miliyan ɗaya a larduna 18 cikin 23, ya cinye gonaki hekta 465,000 da dabbobi 19,000. Kashegari aka yi zanga-zangar siyasa wadda aka kashe mutane da yawa a cikinta, aka sa dokar hana fita, hankalin duniya ya koma can, ruwa kuwa bai daina hawa ba sai da ma'aunin Njamena ya nuna mita 8.14 a Nuwamba. An yi kusan shekara sittin ba a ga haka ba. Titunan Waliya suka zama hanyar kwalekwale. Ruwan ya kai har asibitin Basamariye Mai Kirki da 'yan Jesuwit suka kafa a unguwar. Mutum fiye da 100,000 na birnin suka koma zaman bukkar leda da tsumma a wurare kamar Tukura da Kundul da Milezi, sanyin hunturu kuma ya same su a can. Masana yanayi da suka bincika daminar wannan shekara sun ce ɗumamar duniya ta ƙara wa ruwan yankin Tafkin Cadi kusan kashi ɗaya cikin biyar.

Bayan wannan gwamnati ta gina doguwar jinga a gunduma ta 9, Bankin Duniya kuma ya amince da dala miliyan 150 a 2023 domin aikin magudanai da tsare birnin. Ba a jima ba aka gwada aikin. A 2024 ambaliya ta taɓa dukan larduna 23, har da Tibesti da take tsakiyar hamada. Mutum 576 suka rasu, kusan miliyan biyu suka shiga wahala, gidaje fiye da 200,000 suka rushe. A Satumba na shekarar ne madatsar Alau ta ɓalle ta ci Maiduguri, shekara talatin bayan ta yi haka a 1994. A Njamena ma'aunin ya wuce na 2022 tun kafin tsakiyar Oktoba, ya nuna mita 8.18, ya kuma ci gaba da hawa. Sabuwar jingar ta rage ɓarna a wuraren da ta kewaye. Waɗanda suke bayanta, da ƙauyukan bakin kogi, sun sha abin da suka saba sha.

To, me gida ɗaya zai iya yi a gaban kogin da ya fi ƙarfin gwamnati? Tarihin nan ya nuna abu guda da mutanen Njamena suke da shi wanda mutanen Maiduguri ba su samu ba a daren da Alau ta ɓalle, wato lokaci. Ruwan da ya cika a Mundu ko Sar yana ɗaukar makonni kafin ya iso. Ana faɗar awon kogin a rediyo, direbobin da suke zuwa daga kudu kuma suna kawo labari. Maigidan da ya ji Bongor ta cika ya san nasa yana tafe. Abin da yake hana mutane tashi da wuri sananne ne: tsoron ɓarayi, da rashin wurin zuwa, da begen cewa jinga za ta riƙe. Na biyun shi ya fi sauƙin magani in an fara tun da rani. Ba a fafe gora ranar tafiya. Iyalin da suka yi magana da ɗan'uwa ko abokin da yake kan tudu tun watan Yuni, aka san ɗakin da tsohuwa da yara za su kwana, da inda za a ɗaure awaki, sun bambanta da waɗanda suka fito da tsakar dare da tabarma a ka suna tambayar hanya. Ana iya kai tsofaffi da masu ciki da ƙananan yara tun ruwa yana nesa, ƙarfafa su tsaya gadin gida. Kuɗin kwalekwale da na amalanke kuwa yakan ninka a ranar da kowa yake nema.

Jinga tana da amfani, aikin gayya na cika buhu kuma ya ceci unguwanni da dama. Sai dai tana sa mutum ya saki jiki. Ruwan da ya hau a hankali yana ba mutum damar kwashe kayansa, wanda ya fasa jinga kuwa a guje yake shigowa, sau da yawa da dare. Wanda yake kwana a bayan jinga, kogi kuma ya fi daɓen ɗakinsa bisa, ya kamata kayansa su kwana a ɗaure.

Kayan da ake nufi ba su da yawa. Takardu ne a gaba: takardar fili, da ta haihuwa, da katin shaida, da sakamakon makarantar yara, da katin asibiti, da na baftisma ko na aure, a naɗe su cikin leda biyu a rataye a inda kowa a gidan ya sani. Mutane da yawa sun sake gina ɗaki cikin wata uku, amma sun shekara suna zirga-zirga a kan takardar da ta jiƙe. Sai hatsi, a ɗora shi a kan abin da ya ɗaga daga ƙasa, ko a kai rabinsa gidan da za a sauka. Ga manomin ƙauyukan Shari Bagirmi, kamar wajen Kundul da Mandaliya, iri ya fi abin da za a ci gobe daraja, gama wanda ya rasa gero a gona amma ya tsira da irin masakwa da na kayan lambu yana da abin da zai sa a ƙasa da ruwa ya janye. Sai gidan sauro, da maganin da wani a gidan yake sha kullum, da tocila, da 'yan kuɗi a hannu.

Gini ma yana da nasa. Ɗakin laka daga gindi yake mutuwa. Wanda ba shi da ƙarfin yin dukan gida da bulon siminti yana iya tada harsashi ya yi sahun ƙasa da jan bulo ko dutse har zuwa gwiwa ko ƙugu, ya ɗora tubalin laka a sama, ya cika daɓen ɗaki ya fi tsakar gida bisa. Yaɓe da gyaran indararo aikin bazara ne. Lambatun ƙofar gida da aka cika da shara da leda, shi ne yake mai da ruwan Agusta cikin ɗaki, wannan kuwa ba ya jiran Bankin Duniya. Kududdufin da aka cike aka yi gini a kansa bai daina zama kududdufi a wurin ruwa ba. Mai neman fili, ko mai neman hayar ɗaki, ya je ya ga wurin a Agusta, ya sake zuwa a farkon Nuwamba. Ya dubi ƙasar: in baƙar laka ce mai tsagewa da rani, da bawon katantanwa a ciki, ta riga ta ba shi amsa. Ya dubi jikin tsofaffin katangu ko akwai zanen da ruwa ya bari. Ya nemi wanda ya fi kowa daɗewa a wurin, ya tambaye shi inda ruwa ya tsaya a shekarar da ta fi kowace muni, gama shaidar shekara biyar ba ta isa a kan kogin da yake iya yin shiru na shekara talatin ba.

Mutuwar da ambaliya take kawowa ba duka a cikin ruwa take faruwa ba. In ruwa ya kwanta a unguwa, masai da rijiya sukan zama abu ɗaya. Wannan ne ƙofar amai da gudawa, cutar da take iya kashe babban mutum cikin yini guda. Ruwan sha sai an tafasa ko an sa masa maganin kulorin, ko da ya fito daga famfon da aka saba sha. In gudawa ta kama wani, a dama cokalin shayi shida na sukari da rabin cokalin gishiri, a shafe ba a tula ba, cikin lita ɗaya ta ruwa mai tsabta, a yi ta ba shi yana kurɓa a kan hanyar zuwa asibiti. Bayan makonni kaɗan sauro yakan yi yawa, zazzaɓi ya bi yara, musamman waɗanda suke kwana a fili. Macizai ma tudun da mutum ya gudu zuwa shi suke nema. Yara kuwa wasa suke gani a ruwan da ya rufe ramin masai da kududdufi da wayar lantarki, kwalekwalen da aka cika fiye da kima kuma ya sha kifewa da mutane a kan titin da suka saba bi da ƙafa.

Komawa gida tana da nata haɗari. A Njamena ruwan kogi yakan fara sauka a Nuwamba, amma a kwari yakan kai Disamba ko Janairu yana kwance, gama ba shi da hanyar fita sai rana ta shanye shi ko a zuƙe shi da inji. Katangar da ta sha ruwa wata biyu tana iya tsayawa kamar lafiyayya, ta faɗo a daren da aka koma ƙarƙashinta. Akan bar ɗaki ya bushe sarai, a duba gindinsa da azararsa, a yashe rijiya a sa mata magani kafin a sha. A wannan lokaci ne ruwan da ya tashi daga Afirka ta Tsakiya tun watan Agusta yake isa Tafkin Cadi, tafkin ya kai ƙarshen cikarsa wajen Disamba da Janairu, mutanen tsibirai da na bakin tafki su kuma su fara kwashe nasu kayan. A fadamun da ya bari a baya kuwa masakwa ta riga ta yi kore, masunta suna shanya kifi a kan gaɓa.